Dokar Karaya

Litinin, 7 ga Yuli

Yau na cire wa tsohon malamin tarihi simintin ƙafarsa. Wata biyu yana zuwa ɗakin ɗori yana cika mini kunne da yaƙe-yaƙen da aka yi tun ba a haifi kakansa ba. Da zai tafi sai ya miƙo mini takarda guda, rubutun hannunsa gaba da baya. Wai dokokin wasan yaƙi ne na mutum ɗaya: tebur, 'yan sojoji tsawon yatsa, da ƙwayar ludo. Ya ce, "Mai Siminti, na lura kana da zuciya. Gwada wannan. Rabin awa ka yi yaƙinka ka gama, ba wanda za a kawo asibiti." Na ce masa shekarata hamsin da shida. Ya ce shi saba'in da ɗaya.

Na cusa takardar a aljihu don kada ya ji kunya.

Laraba, 9 ga Yuli

Ragowar simintin ɗori kullum zubar da shi muke yi. Yau da aiki ya lafa na mulmula soja ashirin da huɗu kafin ya daskare, na gyara musu kai da kafaɗa da tsinin almakashi. Sha biyu na tsoma a jibi, maganin nan mai launin shuni da muke shafa wa gyambo. Sha biyu na tsoma a aidin, mai ruwan ƙasa. Babbar Sista ta leƙo ta ce, "Tsufa ne ya zo ko yarinta ce ta dawo?" 

Na kai su gida a kwalin safar hannu. Uwargida ta tambayi ko na wa ne, na nuna mata na ce waɗannan 'yan Jibi ne. Ta ce, "To, 'yan yau fa?" Ta yi ta dariya ita kaɗai. An yi ruwa da yamma, hannunta na hagu ya motsa kamar kullum in an yi ruwa, tun faɗuwar da ta yi a banɗaki shekarun baya. Ni na ɗora mata, ya ɗan karkace.

Dokokin malam shida ne kacal. Kowace runduna a kasa ta uku, mutum hurhuɗu. Tafiya taƙi ɗaya. Harbi, a jefa ƙwaya, biyar ko shida ta sami mutum. In an yi gaba da gaba, mai babbar ƙwaya ya ci. Ta biyar ya kira ta dokar karaya: ƙungiyar da ta rasa rabinta a jefa mata ƙwaya, ɗaya ko biyu ta fito, zuciyarta ta karaya, ta gudu daga tebur. Ni a wurina karaya ƙashi ne, a wurin malam zuciya ce. Ta shida kuwa shirme: wai in layin abokan gaba ya zo, ka tashi ka zagaya tebur ka zauna a kujerarsu. Da wannan gwiwar tawa? Hannuna zai kai daga inda nake.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yaƙin farko, bayan la'asar, a teburin falo. Kofin shayi ne tudu, igiyar waya ce kogi. Ni ne Jibi.

Wallahi akwai daɗi. 'Yan Aidin sun tsallako kogi, na bari suka kai tsakiya na buɗe musu wuta. Shida, biyar, shida. Uku suka zube a ruwa, na huɗun ya karaya ya arce. Na hau tudu na sauko musu ta baya, aka yi gaba da gaba, na rasa biyu na kashe biyar. Minti ashirin da shida.

Takarda ta ce wanda aka kashe a kwantar da shi a gefe. Kwantarwa kamar mai barcin rana? Na ɗauko 'yar gudumar da nake buga ƙusa da ita, duk wanda ya mutu na ɗora shi a bakin tebur na kwantara masa ɗaya. Ƙas! Kai ya yi nan, gangar jiki ta yi can, farin gari ya tashi. Yanzu ne ya zama yaƙi. Gobe sai in mulmula wasu, siminti ba ya ƙarewa.

Asabar, 12 ga Yuli

Biyu na buga yau, duk Jibi ta ci. Uwargida ta share garin.

Litinin, 14 ga Yuli

Ƙarfe sha ɗaya saura aka ɗaga labulen ɗakin ɗori, sai ga Autata riƙe da hannun hagu a cikin mayafi. Mijinta, mai shagon turare, yana bayanta riƙe da jakarta. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, "Baba, tsautsayi ne, a banɗaki ta zame."

Na ɗaga hoton ƙashin a hasken taga. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aikin. Wanda ya zame tafin hannu yake kai wa ƙasa, wuyan hannu ne ke karyewa. Wannan kuwa tsakiyar sangalin hannu ne, ƙashin gefen ƙaramin yatsa, ya tsinke a gicciye tsaf. Ƙashin nan ba ya karyewa haka sai mutum ya ɗaga hannu ya kare kansa daga sanda. Likita ya kalli hoton, ya kalle ni, ya mayar da idonsa kan takardunsa.

Na naɗa mata auduga, na jiƙa bandejin siminti, na naɗe daga ƙasan yatsu zuwa saman gwiwar hannu. Hannuna bai yi rawa ba. Zufa ta karyo mata a goshi. Shi kuwa yana tsaye ƙamshinsa ya cika ɗakin, yana ta "Allah Ya saka da alheri, Baba." Almakashin yanke siminti yana kusa da hannuna na dama. Na san nauyinsa, na kuma san inda ƙashin muƙamuƙi ya fi rauni.

Na ce masa, "Malam, mako mai zuwa ta dawo a duba yatsun." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Talata, 15 ga Yuli

Na gaya wa uwargida cewa Auta ta karye. Ta ce a ina. Na nuna mata a hannuna. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta shiga kicin.

Na mulmula wa Aidin shugaba, ya fi sauran tsawo. Na ɗiga masa turaren da surukin nawa ya ba ni bara. Takwas na yi iri ɗaya, don na san ɗaya ba zai kai ni ko'ina ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Na soke dokar karaya. Wanda ya gudu ai ya tsira, ni kuma ba na son kowa ya tsira. Na soke iyakar rabin awa ma, sai tebur ya zama babu ɗan Aidin ko ɗaya a tsaye.

Na ritsa su a bakin kogi, na harbe na gefen dama, na gefen hagu na tura su cikin ruwa na bi su da sara. Shugabansu na bar wa ƙarshe. A gaba da gaba ƙwayarsa ta ba da shida, tawa biyu. Amma tasa ta jingina da kofi, ba ta kwanta sosai ba, sai na sake jefawa. Ta ba da biyar. Wannan karon hannuna ne ya goce. Ta uku ta ba da ɗaya.

Ban fara da kansa ba. Hannun hagu na fara cirewa da bakin gudumar, sannan na dama, sannan ƙafafu, sannan na niƙe sauran har ya zama gari. Tebur ya yi rami. Minti hamsin, wasan da aka ce na rabin awa ne.

Juma'a, 18 ga Yuli

An kawo wani direba da aka yi wa taron dangi a tasha, haƙarƙari uku, cinya, yatsu huɗu. Ina ɗora shi ina lissafa da me aka bugi kowane wuri. Da can ba na irin wannan lissafin.

A bayan sabon ginin da ake yi wa asibiti na tsinci guntun rodi, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Na naɗe shi a jarida na sa a ƙasan jakata.

Bari in rubuta shi a fili tunda ba mai karantawa. Ranar Asabar ta sama, da rana tsaka, zan je shagon surukina in karya masa hannun hagu a daidai inda ya karya na 'yata. Bugu ɗaya. Ba zan taɓa kansa ba. In aka kawo shi ɗakina ni zan ɗora shi, kuma zan ɗora shi da kyau. In aiki ya tafi ya tafi, in kulle ni za a yi a kulle.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na gwada a tebur. Kwalin ashana ne shago, sojan Jibi ɗaya tak, shugaban Aidin a ciki, biyu a waje a matsayin maƙwabtan shago. Sau biyar na buga, sau biyar na isa gare shi kafin su tare ni. Saura shugaba biyu a kwali.

Litinin, 21 ga Yuli

Auta ta zo ita kaɗai. Yatsun lafiya, da ɗumi, suna motsi, ba kumburi. Na sallami mai jiran layi na ja labule.

Na ce, "Da me ya buge ki?" Ta ce, "Baba, zamewa na yi." Na ce kada ta raina mini hankali, ƙashi ba ya ƙarya, na ga irin wannan karayar ta fi ɗari, ba a taɓa samunta a banɗaki ba. Sai ta ɗago ta kalle ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. Ta ce, "Umma ma ai a banɗaki ta faɗi."

Na ce me?

Ta ce, "Shekarata bakwai. Ina bayan ƙofa. Da aka tambaye ta a nan ɗakin, abin da ta faɗa ke nan, ni ma shi na iya."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Ba ta kauce ba, hannun kawai ta bi da kallo har na sauke shi. Ta gyara mayafinta ta ce, "Sai mako biyar ko, Baba?" Na ce e.

Talata, 22 ga Yuli

Ban yi wasa ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Yarinyar nan ba ta da kunya. Abin da ya wuce shekara ashirin. Lokacin ina da ƙuruciya, aiki ya yi mini yawa, ita ma uwar tata tana da baki. Kuma sau ɗaya ne.

To, sau ɗaya ne ƙashi ya karye.

Sandar labule ce. Na tuna ƙarar. Ni na kawo ta, ni na gaya wa likitan wancan lokacin cewa a banɗaki ne, ita ta maimaita. Hannuna rawa yake yi ranar, shi ya sa ya karkace. Na duba abin da na rubuta ranar tara ga wata, na ga har a littafin da ba mai karantawa banɗakin na rubuta.

Wannan bai wanke mai turare ba. Asabar tana nan.

Alhamis, 24 ga Yuli

Malamin tarihi ya zo a duba tafiyarsa, yana dogara sanda. Ya tambayi wasa. Na ce Jibi ta ci sau goma sha ɗaya a jere. Ya ce, "Kana zagaya teburin kuwa?" Na ce gwiwa. Ya ce, "Dokar karaya fa?" Na ce na soke ta. Ya girgiza kai ya ce, "To ai kai ba yaƙi kake yi ba, yanka kake yi. Ka zagaya ko sau ɗaya. Duk sauran dokokin don waccan aka yi su."

Tsoho mai shisshigi. Ƙafar ta haɗu da kyau.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na zagaya, don in nuna wa kaina shirme ne. Na mayar da dokar karaya, na sa kujerar roba a ɗaya gefen.

Daga can teburin daban yake. Tudun da nake ganin ɗan kofi ne ya tare komai, ba ka ganin abin da ke bayansa. 'Yan Jibi kuwa a jere, da guduma a ajiye kusa da su, ta fi kowannensu girma sau goma. Ina zaune a can na ga babu mai hankalin da zai tsallaka kogin nan, sai na ja 'yan Aidin baya na ɓoye su a bayan tudu. Na koma kujerata na afka musu kamar kullum. Na dawo tasu na jefa ƙwaya, shida. Ɗan Jibi ya mutu.

Doka doka ce. Na miƙa hannu na jawo gudumar, ina zaune a kujerar Aidin na kwantara masa. Ƙas!

Daga kujerata bango nake fuskanta. Daga wannan kuwa ƙofar kicin ake gani. Uwargida tana zaune a kan 'yar kujera tana yanka albasa. Da gudumar ta sauka sai kafaɗunta suka zabura, wuƙar ta faɗi a faranti, hannunta na dama ya kai kan na hagu ya rufe shi. Ba ta juyo ba. Ta ɗan jira, ta ɗauki wuƙar ta ci gaba.

Na ce ko daidaituwa ce. Da aka sake kashe wani na sake bugawa ina kallonta. Haka ta sake yi.

Mako biyu ina buga gudumar nan, wata rana sau goma sha biyar.

Na ƙarasa wasan ban san yadda aka yi ba. Ƙungiyar Jibi ta tsakiya ta rasa biyu, ƙwaya ta ba da ɗaya, ta gudu. Aidin ta ci, minti ashirin da huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Na je.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, shi kaɗai ne a shagon yana goge kwalabe. Ya gan ni ya washe baki, ya fara zagayowa zai durƙusa, "Baba, da kanka?" Na warware jaridar. Ya ga rodin, ya ja baya har bayansa ya bugi kantar shagon. Na kama wuyan rigarsa na maka shi da bango, kwalabe suka zubo ta kansa. Na sa masa gwiwa a ciki ya durƙushe. Na ce, "Banɗaki ko?" Na ɗaga rodin.

Sai ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa. Gwiwar hannu a sama, fuska a ɓoye a bayanta, gefen ƙaramin yatsa yana kallona. Daidai yadda nake so. Ko a hoto ba za a saita mini shi haka ba.

Na san wannan hannun. Ba nasa ba. Na taɓa tsayawa a daidai wannan tsayuwar, na ga hannu a daidai wannan wurin, da awarwaro biyu a jiki.

Rodin ya riga ya taho. Na karkatar da shi ya sauka a kan akwatin gilashin da yake jera turaruka. Na sake bugawa, na sake, har babu abin da ya rage sai katako. Gilashi ya tsarge mini tafin hannu ban ji ba, sai da na ga jini yana bin rodin yana ɗiga a kan takalminsa. Yana ƙasa a dunƙule yana "Baba, don Allah, Baba." Na ce, "In ka sake taɓa ta..."  Wa zai faɗa wa wa?

Maƙwabtan shago suka riƙe ni, tela da mai gyaran waya. A tebur ba su taɓa isowa da wuri haka ba. Ban yi gardama ba. Shi da bakinsa ya ce su sake ni, surukinsa ne.

Babbar Sista ce ke aiki, ta yi mini ɗinki bakwai. Ta ce, "Ina ka faɗi kake ƙamshi haka?" Na buɗe baki, na ji kalmar da ke shirin fitowa, na rufe. Na ce gilashi na fasa da gangan. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ci gaba da ɗinkinta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Da hantsi uwargida ta sa mayafi ta fita ba ta gaya mini inda za ta ba. Kafin azahar tasi ta tsaya a ƙofar gida, ta fito, Auta ta fito, direba ya sauke akwati biyu. Ba rodi, ba ihu. Wai shiga ta yi ta ce wa 'yarta ta tashi ta haɗa kaya, mijin kuma yana tsaye yana kallo.

Na ce mata, "Ke kaɗai kika je? Da kin faɗa mini." Ta ce, "Ka je naka jiya." Can kuma tana ninke mayafin ta ce, "Ni ba wanda ya zo ya ɗauke ni."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Alhamis, 31 ga Yuli

Hannu ya kumbura, an ba ni hutun mako biyu. Mai ɗori a gida da bandeji, maƙwabta sun sami abin dariya.

Lahadi, 3 ga Agusta

Yayan surukin nawa da kawunsa sun zo biko. Na zauna da su a falo, suna ta kallon ramukan tebur. Kawun ya ce zaman aure sai da haƙuri, kowane gida akwai irin wannan, "ko ba haka ba, Malam?" Ya kalle ni yana jiran in ce haka ne. Da wata ɗaya baya ne da na ce.

Na ce a kira Auta ta faɗa da bakinta. Ta ce ba za ta koma ba. Na ce to kun ji. Suka ce a sake tunani, na ce ƙofa tana can inda suka shigo.

Asabar, 9 ga Agusta

Na buɗe kwali. Jibi bakwai, Aidin biyar, shugaba ɗaya. Da wannan hannun ba zan iya mulmula wasu ba. Na buga da hagu, biyar da biyar, ina zagayawa. Sau goma sha biyu na tashi na zauna, gwiwa ta gaya mini. Aidin ta ci ɗaya, Jibi ta ci ɗaya. In ana zagayawa wasan ya fi sauri, don ba wanda ke tura mutanensa su mutu a banza, kuma karaya tana gama yaƙi tun rabin mutane na tsaye. Malam ya yi gaskiya a wannan, ba zan gaya masa ba.

Gudumar tana cikin akwatin kayan aiki a bayan gida. Saboda hannun ne.

Litinin, 25 ga Agusta

Na yanke wa Auta siminti. Hannun ya rame, fata ta yi fari tana saɓa, amma ƙashin ya haɗu tsaf, miƙe. Na bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ta ce, "Baba, ka iya aiki." Na ce na iya yanzu.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ruwa tun safe. Na dawo na tarar da uwargida tana ƙoƙarin ɗaga bokiti da hannu ɗaya, na karɓa na kai mata. Ta kalle ni kamar baƙo ne ya shigo gidan.

Na ce ta kawo hannun in gani. Shekara ashirin ina gyara na mutanen gari ban taɓa cewa ta kawo ba. Ƙullin yana nan a tsakiya, ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa kaɗan, ba abin da za a iya yi masa yanzu. Na riƙe shi na faɗi abin da na faɗa. Ba sai na rubuta ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce shayina zai huce.

Bayan la'asar na jera sojoji. Na tashi zan zagaya gwiwa ta ƙi, na tsaya dafe da tebur. Sai ga ta ta ja kujerar roba ta zauna. Ta ce, "Zauna kafin ka faɗi. Waɗannan masu ruwan ƙasan ne nawa?" Na ce wasan na mutum ɗaya ne. Ta ce ta ji. Na karanta mata dokokin sau ɗaya.

Ba ta tsallaka kogi ba, ba ta hau tudu ba. Ta zauna ta jira ni har na gaji na taho, sannan ta jefa ƙwaya. Shida. Auta tana bakin ƙofa tana tafi da hannun da ya warke.

Ta ɗauki ɗan Jibin da ta kashe tana juya shi a tafin hannunta. Ta duba gefen tebur inda gudumar take zama, ta duba ni.

Ta ce, "Wanda ya faɗi fa, me ake yi masa?"

Na ce, "Kwantar da shi ake yi a gefe."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce haka yake a takardar tun farko.